Tambaya da Amsa: Zaɓen Gidan Kula da Mai Cutar Mantuwa da Biyan Kuɗinsa

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan magana ɗaya suke, wato halin da iyali ke shiga idan cutar mantuwa ta yi wa dattijonsu ƙarfi har kula da shi a gida ta gagara. Mun taƙaita wasiƙun, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Mahaifiyata tana fama da cutar mantuwa, kuma likita ya tabbatar mana da haka. A 'yan watannin nan ta fara buɗe ƙofa cikin dare tana fita, wani lokaci ta kunna wuta ta manta da ita. Ni kaɗai ce tare da ita, ga aiki ga yara. Akwai gidajen kula da tsofaffi a yankinmu, kuma dukkansu suna da kyau a hoto. Da me zan bambance na ƙwarai da wanda ba shi ba? (Daga wata 'ya mai jinyar mahaifiyarta)

Amsa: Allah ya ba Mama sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri. Kafin ki fara zagayen gidajen, ki mayar da ita wurin likita, ki gaya masa abin da ya sauya da kuma lokacin da ya fara sauyawa. Dalili shi ne cutar mantuwa a hankali take ci, saboda haka idan ruɗewa ta ƙaru farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, sau da yawa akwai wani abu daban da ya shigo, kamar ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani sabon magani da bai karɓe ta ba, kuma waɗannan duk ana magance su. Ki kuma tambaye shi ko wace iri ce daga cikin cutar, domin ba ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Alzheimer, wadda likitan nan Bajamushe Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906, ita ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, amma akwai wadda toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa, akwai ta Lewy mai sa mutum ya riƙa ganin abin da babu, akwai kuma wadda ke fara taɓa hali da magana tun kafin mantuwa ta bayyana. Gidan da ya iya riƙon wata ba lallai ne ya iya riƙon wata ba.

Game da fitar dare, ba Mama kaɗai ba ce. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ƙiyasta cewa shida daga cikin goma na masu wannan cuta za su fita su rasa hanyar komawa aƙalla sau ɗaya. Wannan ne ya sa gidan tsofaffi na gama-gari bai wadatar ba, sai wanda yake da sashe na musamman ko ma'aikatan da aka horar a kan cutar kanta.

Ra'ayina shi ne ki fifita kusa a kan ƙawa. Gida mai matsakaicin kyau da za ki iya leƙawa a hanyarki ta dawowa daga aiki ya fi wanda aka ƙawata amma ba za ki je ba sai ƙarshen wata, domin Mama ba za ta iya kawo miki ƙara ba. Idan an yi mata tsawa za ta manta kafin ki zo, idan ba ta ci abinci ba tana iya ce miki ta ci, idan ta ci tana iya cewa ba a ba ta ba. Idonki ne zai maye gurbin bakinta, kuma ma'aikata, ko da mutanen kirki ne, sun san majinyatan da ake yawan zuwa dubawa.

Ziyarar farko takan zama wadda aka shirya, a zagaya da ke ɗakin baƙi da lambu. Ki je, amma ki koma ba tare da sanarwa ba, kuma ki zaɓi lokacin cin abinci ko gab da faɗuwar rana, domin a wannan lokaci ne da yawa daga cikin masu cutar ke rikicewa, su tashi suna neman hanyar “gida” ko suna kiran wani da ya daɗe da rasuwa. Ki tsaya ki ga abin da ake yi wa dattijuwar da ta ɗauki jakarta ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa yaranta na jiranta. A gidan ƙwarai za ki ga ma'aikaciya ta matso ta gabanta, ba ta bayanta ba, ta kira sunanta, ta tambaye ta labarin yaran, su taka tare har maganar ta sauya da kanta. A gidan da ba a horar da mutane ba za ki ji ana yi mata gardama, ana ce mata ai yaranki sun girma, ko a kama hannunta a mayar da ita kujera. A wurin cin abinci kuma ki duba ko akwai mai zama kusa da wanda ya manta yadda ake riƙe cokali, ko kuwa ana ajiye kwano ne a dawo a ɗauke shi kamar yadda aka kawo. Ki lura da farcen mazauna gidan da haƙoransu da tufafinsu, ki lura ko warin fitsari ya kama ɗakuna. Idan kika tarar da yawancinsu suna gyangyaɗi a kujera da rana tsaka, abin tambaya ne.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: mutum nawa ke aiki da dare, kuma majinyata nawa ke hannunsu? Kada ki karɓi jimillar ma'aikatan gidan a matsayin amsa, domin a ciki ake lissafa mai dafa abinci da mai gadi da akawu. Ki kuma tambayi ma'aikatan da kansu tsawon zamansu a wurin. Mai cutar mantuwa yana iya manta suna amma ya saba da fuska da murya, saboda haka gidan da ma'aikata ke sauyawa kullum yana mayar da shi baƙo kowace safiya. Ki tambaya ko akwai nas a kowane lokaci, wane likita ke zuwa, wane asibiti ake kai mutum idan abu ya taso cikin dare, kuma wa zai kira ki.

Ginin ma yana da nasa rabo, ko da yake bai kai na ma'aikata ba. Ana son ƙofar waje ta kasance a tsare amma ciki a buɗe, da fili ko baranda inda mai son tafiya zai yi ta zagayawa ba tare da ya ci karo da bango ya fusata ba, da haske isasshe, da ƙarfen dafawa a banɗaki, da daɓe marar santsi. Unguwar Hogeweyk da aka buɗe a 2009 a garin Weesp na ƙasar Holan ta yi suna ne a kan wannan tunani, inda masu cutar ke zaune a ƙananan gidaje suna fita kanti da dandali a cikin wuri ɗaya tsararre. Ba za ki sami irinta a kowane yanki ba, amma ma'aunin yana aiki ko'ina: shin an tsare mutum ne don ya sami sararin motsi, ko an kulle shi ne don a huta da shi?

Daga ƙarshe ki nemi ganin lasisin gidan da rahoton binciken hukuma na baya-bayan nan. A wasu ƙasashe ana wallafa waɗannan a intanet, kamar Ingila inda hukumar CQC ke ba gidaje ɗaya daga matakai huɗu, da Amurka inda gwamnati ke auna gidajen jinya da taurari ɗaya zuwa biyar. Inda babu irin wannan tsari, iyalan da ke da majinyaci a gidan su ne madogararki, kuma ya fi kyau ki tare su da kanki a lokacin ziyara maimakon ki tsaya ga waɗanda shugaban gidan ya zaɓo miki.

Tambaya: Mun sami gidan da ya kwanta mana a rai don mahaifinmu, an kuma faɗa mana kuɗin wata. Yana da fansho da gidan kansa, mu 'ya'yansa kuma za mu iya tallafawa. Shin inshorar lafiya tana biyan irin wannan? Kuma ko mu sayar da gidan nasa? (Daga wani ɗa, a madadin 'yan'uwansa)

Amsa: Malam, kuɗin watan da aka faɗa muku farkon lissafi ne kawai. Yawancin gidaje suna raba kuɗinsu biyu, na ɗaki da abinci a gefe ɗaya, na hidima a ɗaya gefen, kuma na hidimar yana hawa ne gwargwadon yadda buƙata ke ƙaruwa. Baba da yau yake wanka da kansa, wata rana sai an yi masa, daga baya sai an ɗaga shi, an ba shi abinci a baki, an riƙa juya shi a gado don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Kowane mataki da farashinsa. Ku nemi a ba ku jadawalin matakan gaba ɗaya a rubuce, tare da bayanin wanda ke yanke hukuncin cewa mutum ya tashi daga wannan mataki zuwa wancan, da ko kuna da damar ƙalubalantar hukuncin. Ku tambayi abubuwan da ba sa cikin kuɗin wata, waɗanda galibi sukan haɗa da magunguna, kunzugun manya, rakiya zuwa asibiti, gashin ƙashi da aski. Ku tambayi nawa aka ƙara a shekarun baya, da ko ana mayar da kafin alƙalami idan kun fasa, da ko za ku ci gaba da biyan ɗakin idan an kwantar da shi a asibiti, da kwana nawa ake ci gaba da caji bayan rasuwa. Tambaya ta ƙarshe ba ta da daɗin yi, amma ta fi sauƙi yau a kan ranar da ake zaman makoki.

Sannan ku yi lissafin da shekaru. Mai cutar Alzheimer yakan rayu shekara huɗu zuwa takwas bayan an gano cutar, wasu kuma har shekara 20. Ku haɗa fansho da duk abin da ke shigo wa Baba, ku cire daga kuɗin mataki mafi tsada, ba na yau ba, ku ninka giɓin da watannin shekara biyar. Idan adadin ya fi ƙarfinku, gara ku sani yanzu ku nemi gida mai rangwame, domin ɗauke mai wannan cuta daga inda ya saba zuwa sabon wuri yakan ƙara masa ruɗewa, kuma ɗauke shi saboda kuɗi sun ƙare shi ne mafi ɗaci. Nauyin nan ba ku kaɗai ya danne ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cutar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kuma kusan rabin wannan adadi hidimar da iyali da makusanta ke yi ne ba tare da an biya su ba.

Batun inshora kuwa nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. A mafi yawan tsare-tsare ana bambanta magani da hidimar yau da kullum. Ganin likita da gwaji da kwanciya a asibiti magani ne, amma wanka da ciyarwa da tsaron mutum kada ya fita ana ɗaukarsu hidima, alhali su ne kusan dukan abin da mai cutar mantuwa ke buƙata. A Amurka, alal misali, shirin Medicare na tsofaffi ba ya biyan zaman dindindin, iyakarsa kwana 100 na jinyar ƙwararru bayan an kwanta a asibiti, sai dai Medicaid, shirin gwamnati na marasa hali, wanda ba ya shigowa sai dukiyar mutum ta kusa ƙarewa. A Ingila wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa, sai fa idan an tantance cewa buƙatarsa ta lafiya ce tsantsa, inda hukumar lafiya ta NHS ke ɗaukar nauyin duka. Wasu ƙasashe sun ware inshora ta musamman don wannan. Jamus ta fara tata a 1995, kuma a 2017 ta sake fasalin tantancewa zuwa matakai biyar don a riƙa lissafa raunin tunani kamar yadda ake lissafa raunin jiki, amma duk da haka wani kaso kawai take biya. Japan ta fara a 2000, inda kowa daga shekara 40 ke zuba kuɗi, mai amfana kuma ya biya kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari. A ƙasashe da dama babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, iyali ne ke biyan komai. Saboda haka ku ɗauki takardar inshorar Baba ku nemi kamfanin ya amsa muku a rubuce, ku kuma je ofishin jin daɗin jama'a na yankinku da hukumar da ke biyansa fansho ku tambayi ko akwai tallafin naƙasa ko na mai jinya, domin irin wannan tallafi ba a cika ba wanda bai nema ba.

Game da gidan, kada ku yi gaggawa. Tambaya ta farko ita ce wa ke da ikon sayarwa. Kasancewarku 'ya'yansa bai ba ku damar sa hannu a madadinsa ba, ko a banki ko a kan takardun gida. Idan har yanzu Baba yana fahimtar abin da ake gaya masa, ku kai shi wurin lauya a makon nan ya rubuta takardar wakilci ga wanda ya amince da shi, ta dukiya da ta lafiya, kuma zai yi kyau likita ya shaida cewa hankalinsa ya kai a ranar. Idan lokacin ya wuce, sai ta hanyar kotu, wadda ta fi tsada da jan lokaci. Tambaya ta biyu ita ce ko akwai mai zama a gidan, musamman matarsa. A Ingila ba a lissafa gidan cikin dukiya muddin matar ko mijin na ciki, kuma ƙananan hukumomi kan yarda a jinkirta biya har sai an sayar daga baya. Ba da gidan haya ma hanya ce da ke kawo kuɗi duk wata ba tare da an rabu da shi ba. Abin da nake ja muku kunne a kai shi ne mayar da gidan da sunan ɗayanku don a ce Baba ba shi da komai. A yawancin jihohin Amurka ana bin diddigin kyautar da aka yi cikin shekara biyar kafin neman Medicaid, Ingila ma tana da dokar da ke ɗaukar dukiyar da aka kawar da gangan tamkar tana nan. Ko inda babu irin wannan doka, dabarar takan zama tushen rigimar gado.

Idan kun zo sa hannu a yarjejeniya, wanda zai sa ya tabbatar an rubuta cewa a matsayin wakilin Baba yake yi, domin wasu takardu na ɗauke da sharaɗin da ke mayar da mai sa hannu lamuni, a bi shi bashin daga aljihunsa. Ku karanta sashen sallama da kyau. Wasu gidaje suna karɓar mutum yana da sauƙin riƙo, sannan su ba da notis idan ya fara duka ko ya daina tafiya. Ku tambaye su kai tsaye ko Baba zai iya zama har ƙarshen rayuwarsa, da abin da za su yi idan kuɗinsa suka ƙare. A tsakaninku kuma ku rubuta abin da kowa ya ɗauka, ku buɗe asusu ɗaya, ku riƙa adana rasit, kuma ku ɗauki lokacin wanda ke zirga-zirgar asibiti da ziyara a matsayin gudummawa daidai da ta mai turo kuɗi daga nesa.

Tambaya: Yayana ya ce kai mahaifiyarmu irin wannan gida yarwa ce, alhali ni nake kwana da ita kuma lafiyata ta fara taɓuwa. Shin babu wata hanya a tsakani? (Daga wata ƙanwa)

Amsa: Akwai, kuma ya kamata a gwada ta kafin a kai ga zaman dindindin. A wurare da dama akwai cibiyoyin yini inda ake kai mutum da safe a ɗauko shi da yamma, akwai masu zuwa gida su yi awanni ko su kwana, wasu gidajen kuma suna karɓar mutum na mako ɗaya ko biyu don mai jinya ta huta, wanda hakan zai ba ku damar gwada gidan ma. Sai dai idan buƙata ta kai ta dare da rana, ɗaukar ma'aikata a gida yana iya fin gidan kula tsada. Shi kuma Yaya, maimakon gardama, ki roƙe shi ya karɓe ki na mako guda, har da darare. Wanda ke zuwa gaisuwa da hantsi yana ganin Mama ne a lokacin da ta fi natsuwa.

Tambaya: Tun da muka kai mijina gidan kula, kullum na je sai in tarar yana barci, ba ya ma iya ɗaga kai. Sun ce sun ba shi maganin kwantar da hankali saboda yana faɗa da ma'aikata. Ina biyan kuɗi masu yawa. In ɗauke shi? (Daga wata uwargida)

Amsa: Hajiya, kafin maganar ɗaukewa, ki nemi takardar magungunansa gobe-gobe, ki ga sunan maganin da adadinsa da ranar da aka fara da likitan da ya rubuta. Magungunan cutar kanta, irin su donepezil da memantine, ba don sa barci ake ba da su ba. Waɗanda ke kwantar da mutum haka galibi na taɓin hankali ne, kamar haloperidol da risperidone, ko kuma na barci. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mafi tsanani cewa sababbin magungunan taɓin hankali na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa, a 2008 kuma ta faɗaɗa gargaɗin zuwa tsofaffin magungunan. Suna kuma ƙara haɗarin faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki, kuma ga mai nau'in Lewy illarsu na iya yin muni ƙwarai. Akwai lokacin da ake buƙatarsu, idan mutum na neman cutar da kansa ko wasu, amma ƙa'ida ita ce mafi ƙarancin adadi, na ɗan lokaci, tare da sake dubawa a kai a kai da kuma sanar da iyali.

Faɗan da Alhaji ke yi yana da dalili, kuma aikin gidan ne ya nemo shi. Mutumin da kalmomi suka ƙwace masa yana iya kai hannu saboda ciwon haƙori, ko taurin bayan gida, ko ruwan wanka mai sanyi, ko don baƙuwar fuska ta zo tana tuɓe masa riga ba tare da bayani ba. Ki nemi zama da shugaban gidan da likitan, ki tambayi a wane lokaci faɗan ke tashi da abin da aka gwada kafin magani, ki kuma gaya musu abin da kika sani na ɗabi'unsa, kamar lokacin da ya saba wanka da sunan da yake amsawa. Kada ki tsayar da maganin da kanki, domin wasu sai a hankali ake janye su. Ki nemi a rubuta ranar da za a sake duba shi. Idan aka hana ki ganin takardar, ko ranar ta zo ta wuce ba a yi komai ba, ki kai ƙara hukumar da ta ba gidan lasisi, ki duba wa'adin notis da ke cikin yarjejeniyarku, sannan ki tabbatar kin sami gurbi a wani gidan kafin ki sanar da su cewa za ki ɗauke shi.